Uwar Aro da Farfesan Japan

A shekarar da aka kulle iniversite ta Yamai, bayan an tashi Taron Ƙasa an ce kowa ya je ya kafa parti nasa, ɗalibai suka watse, kowa ya kama gabansa. Wasu suka faɗa siyasa suna bin motocin miting, wasu suka jera kwalaben esanshi a bakin hanya suna sayar wa masu mota, wasu kuwa suka miƙe ƙafa a zaure suna jiran gwamnati ta biya bursu, kuɗin tallafin ɗalibai. Mansura ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tattaro takardar digirinta na lisansi a ilmin tsirrai ta dawo Maraɗi, ta sauka gidan kawunta a unguwar Zariya maimakon ta wuce garinsu Tsibiri, ta samu wata tashar binciken noma a bayan gari tana taya su aiki, ba albashi ba komai.

Yarinyar nan abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: ƙuduji. Kun dai san shi, hakin nan mai fure ja-ja mai kyan banza, wanda ke laɓewa ƙarƙashin ƙasa ya kama saiwar hatsi ya tsotse ta, sai manomi ya ga gonarsa ta tsumbure bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta ji labarin akwai wani farfesa a Japan da ya ƙare rayuwarsa yana binciken abin da saiwar gero ke fitarwa har irin ƙuduji ya farka. Tun daga ranar ta ƙudura cewa can za ta yi metiriz, wato digiri na biyu, can za ta yi dokta, ko ana ha-maza ha-mata.

Wani Bajapane mai aikin gina rijiyoyi ya taɓa barin kaset-kaset na koyon Japananci a tashar, suna ta shan ƙura a kwali. Mansura ta kwaso su. Kullum da safe ta kunna rediyon kawunta, matar cikin kaset ta faɗa, ita ma ta maimaita, tana sunkuya wa randa tana gaishe ta. In pil, wato batir, ya yi sanyi muryar matar ta koma ta ƙaton gardi, Mansura ba ta fasawa. Maƙwabta har sun fara zuwa yi wa matar kawu jaje, wai boko ya taɓa musu yarinya.

Wanda ya fi kowa more wannan abu shi ne Jibo, ɗan kabu-kabu, ɗan gwaggonta, wato taubashinta na jini. Shi ke kai ta tashar a bayan moto, kuma daga Zariya har su isa bakinsa ba ya rufuwa.

"Bajapaniyar Tsibiri," in ji shi, "yau mi randa ta ce maki? Ta amsa gaisuwar ko har yanzu tana fushi?"

"Kai dai kalli hanya, bawan banza," ta ce. "In na tahi ko kati ba ni aiko maka."

Ana haka, cikin damina, sai ga farfesan da kansa ya zo tashar ganin aiki. Sunansa Teramoto, ɗan tsoho siriri mai malfa, ba ya dariya, yana jin Faransanci daidai gwargwado. Mansura ta tare shi ta sunkuya, ta zuba masa gaisuwar da ta yi wata da watanni tana yi wa randa. Tsoho ya tsaya cak, ya cire malfa, ya amsa. Ya kwana biyu yana yi mata tambayoyi, ta yi masa bayanin gwajin da take yi na shuka riɗi tsakanin gero don a yaudari ƙuduji ya tsiro inda ba abin kamawa. A ƙarshe ya ce akwai gurbin ɗalibi guda a labo ɗinsa, ɗakin bincikensa, kuma yana ganin ya samu mai shi.

Sai dai da sharaɗi. Ya ce ya taɓa ɗaukar wata ɗaliba daga wata ƙasa, ashe gidansu ba da son ransu ta tafi ba, karatu ya yi nisa aka kira ta gida, aiki ya lalace, ita ma ta lalace. Tun daga nan ya yi rantsuwa ba ya ƙara ɗaukar ɗan kowa sai ya zauna da iyaye ya ji yardarsu da kunnensa. Ta ce mahaifinta ya rasu. Ya ce to, uwa ma ta isa.

Nan Mansura ta hango matsala. Ba wai mahaifiyarta Inna Ladi za ta hana ba ne, ina! Matsalar ita ce Mansura ɗiyar fari ce, ita kuwa Inna Ladi irin matan Tsibirin nan ne na da, masu alkunya kamar su suka ƙirƙiro ta. Tun da ta haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakinta ba, sai "waccan", sai "yarinyar nan". Ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta zama inda ake yabonta. Ranar da aka zo da albishir ta ci jarrabawar bak ta shiga iniversite, gida ya kaure da guɗa, Inna Ladi ta ɗauki ƙwarya ta tafi ba awaki dusa. To, yanzu a kawo baƙo daga bangon duniya ya ce, "Kin yarda ɗiyarki ta tafi?" ita kuma ta kau da kai ta ce ba ta san zancen ba? Ai shi ke nan, Japan sai a kaset.

Sai dabara ta faɗo mata. Gwaggo Tasalla, uwar Jibo, ita ta ɗauke ta da aka yaye ta, ta riƙe ta a Jiratawa har ta shiga lakwal, makarantar boko. In an ce uwa ce, ai ba ƙarya aka yi gaba ɗaya ba. Kuma ita Gwaggo ba ta da matsalar baki, ita ce ma shugabar matan wata sabuwar parti a Jiratawa, in ta karɓi lasifika sai an roƙe ta ta saki.

Da ta faɗa wa Jibo a hanya, dariya ta kusa jefa su a rami.

"Aron uwa!" ya ce. "Na ji aron turmi, na ji aron zane, yau ga aron uwa. Kuma tawa za a ara ba a tambaye ni ba?"

"Don Allah Jibo, ka rufa mani asiri. Ka yi alkawari ba ka cewa komi."

"Ni kai ki kawai aka ce in yi," in ji shi. "Ban ɗauki alkawarin kowa ba."

Gwaggo Tasalla ta saurari bayani tana gyaɗa kai. Mansura ta ja mata kunne iya jan kunne: mutanen nan ba su son hayaniya, ba su son fariya. A shimfiɗa tabarma mai tsabta, a dama fura, in ya tambaya a ce an yarda, shi ke nan.

"Haba ɗiyata," in ji Gwaggo, "ni za ki koya wa karɓar baƙo? Je ki kwanta, ki bar mani komi."

Da Mansura tana da wayo, da wannan maganar kaɗai ta ishe ta fasawa.

Ranar da aka sa, motar tashar ta ɗauko farfesa da Mansura, Jibo na gaba a kan moto yana nuna hanya. Tun kafin su shiga Jiratawa ta fara jin kalangu. Ta ce a ranta wataƙila biki ake a wani gida. Suna karya kwana sai ga rumfa a ƙofar gidan Gwaggo, ga kujerun ƙarfe jere, ga matan parti sun yi anko sun cika layi, yara sun hau katanga. Farfesa na sa ƙafa ƙasa aka rangaɗa guɗa har sai da ya dafe malfa. Kafin ya gama sunkuyawa wata ta rataya masa gyalen parti a wuya.

Gwaggo har maroƙi ta ɗauko, wani dogo mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Ya tsaya a kan farfesa ya buɗe maƙogwaro. Ya ce ga Mansura ɗiyar Tasalla, wadda malaman Yamai ke zuwa ɗaukar karatu wurinta a ɓoye. Ya ce Japanancin da ke bakinta ko sarkin Japan sai ya nemi tafinta. Ya ce ƙuduji in ya hango ta daga nesa da kansa yake bushewa, don haka ƙasar Japan ta yi babbar sa'a, ta gode wa Allah. Mata suka ɗauki shewa, mai kalangu ya ƙara wuta.

Farfesa ya karkato ya tambaye ta cikin Japananci, a hankali, me mutumin ke cewa.

"Ya ce barka da zuwa," in ji Mansura.

Tsoho ya dubi maroƙi, wanda har yanzu bai ja numfashi ba, ya sake dubanta. Sai Jibo ya jawo kujera ya matso. Faransancinsa na tasha ne, amma ya isa ya yi ɓarna. Ya kwashe kirarin nan kaf ya juye wa farfesa, har da na sarkin Japan, bai rage ko ƙwaya ba. Mansura ta taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba.

Da aka samu kiɗa ya lafa, farfesa ya gyara zama ya fuskanci Gwaggo. Ya ce karatun nan shekaru ne masu yawa, ƙasar da nisa, ga sanyi, kuma ba lalle yarinya ta samu zuwa gida a tsakani ba. Shin ta yarda?

Gwaggo ta miƙe tsaye, don ita ba ta iya magana a zaune ba.

"Yarda? Ka tahi da ita yau ma in akwai wuri a motar! Shekara goma, shekara ashirin, mu ba mu da matsala. Jama'a, ko muna da matsala?"

"Babu!" in ji matan parti.

"In da hali ma ka haɗa da wannan," ta nuna Jibo, "ya ishe ni."

Aka bushe da dariya, aka sake guɗa. Aka kawo zabi biyu ɗaure da ƙafa aka tura bayan mota, tsarabar baƙo. Farfesa ya yi godiya, ya sunkuya wa kowa har da mai kalangu, suka kama hanya.

A cikin mota ba mai magana sai zabi. Sun kusa shiga Maraɗi sannan tsoho ya cire gyalen parti ya ninke shi a cinya. Ya ce mahaifiyarta mace ce mai fara'a ƙwarai. Ya ƙara da cewa abin da ya ba shi mamaki, ba ta tambaye shi inda ɗiyarta za ta kwana ba, ko wa zai duba ta in ta yi ciwo. Sannan ya ce zai yi tunani a kan maganar.

Mansura ta san wannan. Matar cikin kaset ta taɓa yin darasi guda a kansa: Bajapane mai mutunci ba ya ce maka a'a, sai ya ce zai yi tunani. Haushi ya kama ta. Haushin Gwaggo, haushin Jibo, amma wanda ya fi ci mata rai haushin kanta ne.

"Tun da muna kan hanya," in ji farfesa, "ina so in ga gonar da kika yi gwajin riɗin nan kafin in koma."

Gonar kuwa a Tsibiri take, kuma ta Inna Ladi ce. Mansura ta yi ta addu'a a zuci Allah ya sa tana gida. Amma da suka ratsa ta cikin gero suka fito inda ta kakkafa turaku ta ɗaura igiyoyi don raba layukan gwaji, ga Inna Ladi nan duƙe da hauya. Ta ɗago, ta gyara lulluɓi, ta durƙusa ta gaida baƙo. Ta gaida direba. Ta gaida Jibo, ta tambaye shi uwarsa da gajiyar taro, wanda ya nuna labari ya riga mota isowa. Mansura kuwa ko inda take ba ta kalla ba.

Farfesa ya tambaya wace ce wannan.

"Mai gonar ce," in ji Mansura, idonta a ƙasa.

"Mushe Teramoto," in ji Jibo da Faransanci, yana kaɗa makullin moto a yatsa, "wannan ita ta haife ta. Waccan ta Jiratawa tawa ce, aro aka yi."

Wayyo! Mansura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta kare kanta, ta ga ba abin karewa. Sai ta sunkuya, irin sunkuyon ban-haƙuri mai zurfi, ta faɗi gaskiya da guntun Japanancinta, inda ya ƙare ta cika da Faransanci. Ta ce a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Ta ji tsoro ne kar ya ɗauka ƙi ne.

Tsoho ya nemi gindin gawo ya zauna a ƙasa, da wandonsa mai guga, ya roƙi a ce wa Inna Ladi ta matso. Ya ce Mansura ta yi tafinta, amma wannan karon duka, Jibo kuma shi ne shaida. Jibo ya gyara tsayuwa kamar an naɗa shi alƙali.

Farfesa ya tambaya: wannan ɗiya tata, wace irin yarinya ce?

Inna Ladi ta ƙura wa bakin hauyarta ido.

"Wace ɗiya? Ni ban da wata ɗiya nan. Ta Tasalla ce, can za a tambaya." Ta ɗan kankare ƙasa daga hauyar. "In waccan ake nufi, ba ta iya komi ba. Ko daka ba ta iya ba. Ta dai zo ta cika mani gona da igiyoyi, mutum na aiki suna harɗe shi."

Mansura ta juya maganar nan kalma bayan kalma. Ba ta iya komai ba. Ko daka ba ta iya ba. Jibo na gyaɗa kai yana tabbatarwa.

Sai ga abin da ba wanda ya taɓa gani a tashar: Farfesa Teramoto ya yi dariya. Ba murmushi ba, dariya sosai, har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce ranar da aka ba shi digirin dokta, mahaifinsa ya je wurin malaminsa ya sunkuya ya ce a gafarta, wannan wawan ɗan nasa ya wahalar da mutane. Ya ce har mahaifin ya mutu bai taɓa kiransa da abin da ya fi haka ba, kuma a garinsu duk uban kirki haka yake yi. Ya ce tun da ya sauka ƙasar nan, sai yanzu ya ji maganar da ya gane ba tare da tafinta ba.

Da dariyar ta sake shi, ya mai da tabarau, ya yi tambayar da ta kawo shi. Shekaru masu yawa, nisa, sanyi. Ta yarda?

Mansura ta faɗa da Hausa, tana kallon gefe, don ita ma ba ta saba yi wa uwarta magana kai tsaye ba. Inna Ladi ta ci gaba da kankare hauyarta. Direba ya fara soshe-soshe, zabi na ta kuka daga bakin hanya. Can ta juya wajen Jibo, kamar su biyu ne kaɗai a gonar.

"Kai Jibo. Ka ce wa baƙon akwai abin da uwar tata ta Jiratawa ta manta ba ta faɗa mai ba, ƙila kiɗa ya yi yawa." Ta ja bakin lulluɓinta. "Yarinyar nan ba ta cin abinci ita kaɗai. Tun tana ƙarama haka take. In aka aje mata kwano aka tahi, sai ta rufe shi ta ce ta ƙoshi, kuma ƙarya take. Da ta je Yamai haka ta dawo kamar kara. To, can inda za shi kai ta, a samu wani ya riƙa zama kusa da ita in za ta ci. Ko bai ci ba, ya dai zauna. In akwai wannan, su tahi."

Farfesa ya juyo yana jiran tafinta. Japanancin Mansura ya gudu, Faransancin ya bi shi. Ita duk zamanta ta ɗauka ba wanda ya san wannan, ita kanta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, balle matar da ba ta taɓa kama ta tana kallonta ba. Kuka ya zo mata irin na yara, mai shessheƙa, a gaban farfesa da direba da taubashi.

Jibo ne ya juya maganar. Ya faɗe ta a hankali, bai ƙara gishiri ba, kuma ko sau ɗaya bai dubi Mansura ba, wanda a wurin Jibo wannan ba ƙaramar kara ba ce.

Tsoho ya miƙe ya kakkaɓe wando. Ya tsaya gaban Inna Ladi ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce gidansa ba nisa da labo, matarsa kullum ƙorafi take tebur ya yi musu girma tun da ƴaƴansu suka watse. Ya ce a gidansa za ta riƙa cin abincin dare har ta gama.

Mansura ta share fuska da bayan hannu. Wannan kam ba ta bar wa Jibo ba. Ta matsa gaban uwarta, kusa fiye da yadda ta taɓa matsawa.

"Inna, ya ce a gidansa zan riƙa ci, da shi da matarsa. Ya ɗauke ni, Inna. Zan tahi."

"Da ke nike magana?" in ji Inna Ladi.

Ta juya baya ta duƙa da hauyarta a kan layin da ta riga ta gama nomewa, ta shiga sake nome shi. Mansura ta tsaya a bayanta. Abin da ta shekara tana nema ya samu, ga shi a hannu, amma ta kasa ɗaga ƙafa ta koma mota, har Jibo ya tada moto ya sake kashewa.